Ɗa Ya Ce a Yi Turjiya, Ɗa Ya Ce a Sallama: Sha'irai a Bakin Gadon Mahaifi

A shekarar 1951 sha'irin nan ɗan yankin Wales na Birtaniya, Dylan Thomas, ya aika wa Marguerite Caetani, mai mujallar adabi ta Botteghe Oscure a birnin Rum, wata gajeruwar waƙa. A wasiƙar da ta raka waƙar ya shaida mata cewa mutum ɗaya ne tak ba zai iya nuna wa wannan waƙa ba, shi ne mahaifinsa, domin tsohon bai san ajalinsa ya ƙarato ba. Waƙar kuwa domin mahaifin aka yi ta. Roƙonsa take yi kada ya miƙa wa mutuwa wuya, ya yi mata turjiya har numfashinsa na ƙarshe. Ke nan an rubuta saƙo, an kuma ɓoye shi ga mai saƙon.

Waƙar ba ta da take, da ɗangonta na farko ake kiranta, kuma a yau tana cikin waƙoƙin Turanci da aka fi karantawa a wajen jana'iza. Igor Stravinsky ya sa mata kiɗa a 1954. Waɗanda suka kalli fim ɗin Interstellar na 2014 sun ji ta daga bakin Michael Caine. Sai dai yawan karanta ta ya sa mutane sun manta da mutumin da aka yi ta dominsa, alhali in ba a san shi ba, rabin waƙar ya tafi.

David John Thomas, wanda ake kira D.J., ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi fice a karatu, ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya a fannin Turanci daga kwalejin jami'a ta Aberystwyth. Burinsa ya zama sha'iri ko shehin malami a jami'a. Bai samu ko ɗaya ba. Ya ƙare rayuwar aikinsa yana koyar da Turanci a makarantar sakandaren maza ta Swansea, ɗalibai na shakkarsa saboda kaifin harshensa, shi kuma yana ganin duniya ta rage masa mudu. Bai yarda da addini ba, amma waɗanda suka san shi sun ce rashin yardar tasa ta fi kama da fushi da Ubangiji fiye da musun samuwarsa. Shi ne ya riƙa karanta wa Dylan wasannin Shakespeare da babbar murya tun yaron bai san ma'anar kalmomin ba. A 1933 aka gano yana da ciwon daji a baki, aka yi masa magani da sinadarin radiyam a Landan, ya tashi. Da tsufa ya kama shi sai ido ya soma tafiya. Daga 1949 yana zaune a ƙauyen Laugharne kusa da ɗansa, wanda kan leƙo da safe su cike wasan kalmomi na jarida tare.

Abin da ya dami ɗan shi ne zakin da ya sani ya yi laushi. Mutumin da muryarsa ke cika aji ya koma tsoho mai haƙuri, mai lalube. Wannan laushin ne Dylan ya kasa jurewa.

Ya zuba waƙar a wani tsari mai tsauri da Faransawa suka raɗa wa suna bilanel: ɗango 19, baiti biyar ƙwar uku, na shida ƙwar huɗu, amsa-amo iri biyu kacal daga farko har ƙarshe. Ɗango biyu ne ke aikin amshi, kowanne yana dawowa sau huɗu, wato takwas daga cikin 19 maimaici ne. Wanda ya taɓa zaman jinya ya san dalilin da ya sa wannan tsari ya dace. Mai jinya ba shi da sabuwar magana. Abu ɗaya yake ta nanatawa, a ci abinci, a sha magani, a daure, har kalmomin su gaji. Thomas ya ɗauki mutuwa a matsayin dare, rai a matsayin haske, kuma ga uban da idonsa ke rufewa wannan kwatance yana da kaifi biyu.

Kafin ya fuskanci mahaifin sai da ya yi kewaye. Ya jero mutane iri huɗu, masu hikima, da mutanen kirki, da waɗanda suka sheƙe ayarsu, da masu nauyin kai da ke dab da kabari, ya nuna kowannensu yana ƙin tafiya saboda akwai abin da bai cim ma ba. Masu hikimar sun san mutuwa gaskiya ce, amma maganarsu ba ta girgiza kowa ba, don haka ba su yarda su tafi shiru ba. Da wuya a karanta wannan baiti ba a tuna da malamin makarantar da ya so zama sha'iri ba. Sai a ɗango na 16 ne kalmar uba ta fito, kuma abin da ɗan ya nema a wurin yana da ban mamaki: tsinuwa ko albarka, duk wadda ta samu, muddin da zafi za ta zo. Ga Bahaushe, wanda ke gudun bakin uba kamar wuta, wannan roƙo yana da nauyin ji. Amma a nan ne gaskiyar waƙar ta fito fili. Ba tsawon rai ɗan yake nema wa tsohon ba, domin ya san babu. So yake a dawo masa da uban da ya sani ko da na sa'a guda ne. Buƙatar ta ɗa ce, aka ɗora wa uba.

Sadaukin da ya buɗe wa mutuwa ƙofa

Kusan shekara 475 kafin wannan, a ƙasar Sifaniya, wani ɗa ya kalli irin wannan rana da wani ido dabam. Rodrigo Manrique babban mayaƙi ne, shugaban rundunar mahaya ta Santiago, ya rasu a garin Ocaña a watan Nuwamba na 1476, an ce da ciwon daji da ya ci masa fuska. Ɗansa Jorge, wanda shi ma soja ne, ya yi masa marsiyyar da ake kira Coplas por la muerte de su padre, wadda har yau yaran makaranta a Sifaniya ke haddace farkonta. Baiti 40 ne, kowanne ɗango 12, jimla 480. Karinta yana ɗingishi da gangan: ɗango biyu masu gaɓa takwas, sai na uku mai gaɓa huɗu, kamar mai tafiya da ke tsayawa ya ja numfashi.

Shi ma Jorge bai yi gaggawar kai wa ga mahaifin ba. Baitoci 24 na farko wa'azi ne tsantsa, irin wanda mai sauraron waƙoƙin tsoratarwa na malaman jihadi zai gane nan take: duniya hanya ce, ƙuruciya da kyau da dukiya aro ne, rayukan mutane koguna ne da ke gangarawa teku, babba da ƙarami su haɗu a can. Daga nan ya ce a bar zancen mutanen da, a dubi na jiya. Ya tambayi ina fadar Sarki Juan na Biyu ta shiga, da 'yan rawarta da masu adonta. Ya kawo Álvaro de Luna, na hannun daman sarkin, wanda ya riƙe ƙasar Kastila a tafin hannunsa shekaru masu yawa, aka kuma fille masa kai a bainar jama'a a Valladolid a 1453 da umarnin sarkin da ya ɗaukaka shi. Duk wanda ya ga yadda wayar hadimi ke daina ƙara washegarin sauke maigidansa ba ya buƙatar sharhi a kan wannan baiti. Sai dai a sani, zuriyar Manrique abokan gabar Luna ne, saboda haka wa'azin bai rasa ɗan gishirin siyasa ba.

Wannan salo na tambayar ina su wane ya sa wasu suka hango kamanni tsakanin waƙar da marsiyyar Abul Baƙa'i ar-Rundi kan faɗuwar biranen Andalus, wadda ɗaliban Larabci suka sani sarai. A ƙarni na 19 marubuci Juan Valera ya fassara ta Rundi zuwa Sifaniyanci a kan karin Manrique, abin da ya ƙara wa zancen ƙarfi, ko da yake manyan masana adabin ƙasar ba su karɓi cewa ɗaya ya kwaikwayi ɗaya ba. Jigon tsoho ne a wajen Kirista da Musulmi baki ɗaya.

A baiti na 25 mahaifin ya shigo. Ɗan ya yabe shi, ya jera shi da sarakunan Rum, ya ce bai tara dukiya ba. Sannan aka zo wurin da waƙar ta samu sunanta. Mutuwa ta zo gidan Rodrigo ta ƙwanƙwasa ƙofa, ba da siffar dodo ba, ta yi masa magana da ladabi kamar sadauki da sadauki. Ta tuna masa cewa rayuwa uku ce: ta duniya mai ƙarewa, ta kyakkyawan suna wadda ta fi ta daɗewa, da ta har abada. Tsohon ya amsa cewa ya yarda, da zuciya ɗaya, domin a ganinsa hauka ne mutum ya nace wa rai alhali Ubangiji ya nufe shi da tafiya. Ya yi addu'a, ya cika da hankalinsa, matarsa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa da barorinsa na kewaye da shi.

Akwai abin da bai kamata a tsallake ba. Cikin ayyukan da mutuwa ta lissafa wa Rodrigo a matsayin guzurin lahira har da jinin Musulmin Andalus da ya zubar, shi da ya ƙwace garin Huéscar a 1434. Shekara 16 bayan rasuwarsa Garnaɗa ta faɗi. Musulmin da ke karanta waƙar zai sami kansa yana gyaɗa kai ga tawakkalin mutumin da ya yi suna da yaƙar 'yan'uwansa. Waƙar ba ta sauƙaƙa wannan ba, kuma babu dalilin da mai karatu zai sauƙaƙa mata.

Wa ke magana?

Hanya mafi sauƙi ita ce a ce bambancin waƙoƙin biyu bambancin imani ne da rashinsa: mai lahira ya sallama, marar lahira ya yi bore. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Thomas ya rubuta tasa mahaifinsa na numfashi, ana iya jin tarinsa daga ɗaki. Manrique ya kammala tasa bayan an binne nasa, ƙura ta lafa. Mai jiran hukunci da wanda aka riga aka yanke wa ba sa magana da murya ɗaya. Ba a san abin da Jorge ya ce a zuciyarsa ba a daren da ciwon ke cin fuskar mahaifinsa. Waƙar ba ta ambaci fuskar ba ko sau ɗaya.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. A waƙar Thomas uban bai ce uffan ba, umarni kawai ake ba shi. A ta Manrique uban ya yi magana mai kyau, amma ɗan ne ya rubuta masa ita, ya kuma zaɓa masa irin mutuwar da ta dace da martabar gidansu a lokacin da ake rikicin gadon sarautar Kastila. Ɗaya ya so jarumin da zai yi faɗa, ɗaya ya so jarumin da zai sallama, kowanne ya sassaƙa uban da yake buƙata. In za a auna su da ma'aunin faɗin gaskiya, ta Thomas ta fi tona asirin mai ita. In kuwa da ma'aunin abin da mai jinya zai iya jingina da shi ne, ta Manrique ta fi ɗaukar nauyi.

Sha'ira Ba'amurkiya Sharon Olds ta bi hanya ta uku a littafinta The Father na 1992, wanda duk waƙoƙinsa kan jinyar uba ne da mutuwarsa. Uban da ke cikin littafin mashayi ne, mai sanyin zuciya ga 'yarsa, ciwon daji ya toshe masa maƙogwaro. Ba ta ce ya yi faɗa ba, ba ta ce ya sallama ba. Kallo take yi. Akwai waƙa sukutum a kan kofin da yake tofa majina a ciki. Wasu masu sharhi sun ga abin ya wuce gona da iri, kuma mai karatun da ya tashi cikin kunya da kawaici zai sha wuya kafin ya kai ƙarshe. Amma ta taɓo tambayar da mazan biyu suka kauce wa: yaya ake jinyar uban da bai kyauta ba? Ba kowane tsoho da ke kwance ne ya bar wa 'ya'yansa abin yabo ba, kuma wankin jiki da juya majinyaci sun fi faɗawa kan mata, waɗanda ba a cika jin muryarsu a marsiyya ba.

Da sauƙi

A ƙasar Hausa amsar gaisuwar marar lafiya ɗaya ce. Ko mutum na gargara, in aka ce yaya jiki, za a ce da sauƙi. Kyakkyawan zato ne ga Allah, kuma ladabi ne. Amma sau da yawa yana zama irin abin da Thomas ya yi: kowa a gidan ya san abin da likita ya faɗa, ban da mai ciwon. Marsiyya kuwa, tun daga waɗanda Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837 da mijinta Giɗaɗo, aikinta yana farawa ne bayan rai ya yi halinsa. Kwanakin da ke gabanin haka, kwanakin jira, an fi barin su ga addu'a da shiru.

Duk da haka akwai abin da Musulmi ke komawa gare shi, ba waƙa ba ce, ruwaya ce. Buhari ya kawo daga Anas cewa da ciwon Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya tsananta, Nana Faɗima ta yi kukan wahalar da mahaifinta ke sha, shi kuma ya amsa mata cewa babu sauran wahala a kan mahaifinta bayan wannan rana. Nana A'isha ta ruwaito cewa ya yi mata raɗa ta yi kuka, ya sake yi mata ta yi dariya. Daga baya ta bayyana cewa da farko ya sanar da ita ba zai tashi daga wannan ciwo ba, sannan ya yi mata albishir. Bayan an binne shi ta tambayi Anas yadda ransu ya yarda suka zuba masa ƙasa. A nan ga zafin da Thomas ya ji, ga kuma sallamawar da Manrique ya zana, duk a ɗaki ɗaya. Bambancin shi ne uban da kansa ya faɗi gaskiyar halin da yake ciki, ba a ɓoye masa ba, ba a kuma ara masa baki ba. Haka Alƙur'ani ya nuna Annabi Yaƙubu a Suratul Baƙara: mutuwa ta halarto, shi ne ke yi wa 'ya'yansa tambaya.

Wannan ba zancen littafi kaɗai ba ne ga ma'aikacin da ke Abuja alhali tsohonsa na kwance a Gumel ko Zuru ko Kafanchan. Shi ne mai albashi, saboda haka shi ake kira. Shi zai yanke ko a ɗauko tsohon zuwa Babban Asibitin Ƙasa, ko a sayar da fili a nemi bizar Indiya ko Masar, ko a bar shi a ɗakinsa kusa da masallacin ko cocin da ya saba. Neman magani umarni ne, kuma akwai tsofaffin da aka yi wa wannan ɗawainiya suka tashi suka ƙara shekaru, kamar yadda D.J. da kansa ya ƙara kusan 20 bayan radiyam. Amma akwai lokacin da ɗa ke jan mahaifinsa daga wannan asibiti zuwa wancan saboda kada a ce yana da hali bai yi ba. Akwai kuma lokacin da ake fakewa da ƙaddara saboda kuɗin ya yi yawa ko hutun aiki ya ƙare. Turjiya da sallamawa duka suna iya zama rigar da ɗa ya sa don kansa. Tsoffin da yawa sun san abin da suke so, wasu ma sun faɗa: a mai da ni gida. Sau nawa ake ɗaukar wannan a matsayin wasiyya, sau nawa ake ɗaukarsa a matsayin rikicin tsufa?

D.J. Thomas ya rasu ranar 16 ga Disamba, 1952, yana da shekara 76, makonni kaɗan bayan fitowar kundin waƙoƙin ɗansa da ke ɗauke da waccan waƙa. Cikin watannin da suka biyo baya 'yar'uwar Dylan, Nancy, ita ma ta rasu a Indiya. Sai ya soma wata waƙar ga mahaifin, wadda ya kira Elegy, wato marsiyya. Muryarta ta sauka ƙwarai. Babu umarni a cikinta. Ya siffanta tsohon a matsayin mutum mai girman kai da bai yarda ya nuna zafin ciwonsa ba, makaho, karyayye, wanda bai juya wa mutuwa baya ba, sannan ya roƙa masa hutu da kwanciya mai sauƙi, shi da bai yarda da wanda ake roƙo ba. A wannan waƙa ta biyu Thomas ya matso kusa da Manrique fiye da yadda masu karanta ta farkon a wajen jana'iza suke zato.

Bai gama ta ba. Ya tafi Amurka karo na huɗu a watan Oktoba na 1953, jikinsa ya riga ya raunana da giya da ciwon ƙirji, ya faɗi a New York, ya yi kwanaki a sume, ya cika ranar 9 ga Nuwamba yana da shekara 39, ƙasa da wata 11 bayan mahaifinsa. Jorge Manrique ma bai daɗe ba: an yi masa rauni a yaƙi kusa da ganuwar Garcimuñoz yana yi wa Sarauniya Isabel faɗa, ya rasu a 1479, shi ma bai wuce shekara 40 ba. Amininsa Vernon Watkins ne ya tattara takardun da Thomas ya bari, ya harhaɗa sauran ɗangogin marsiyyar daga rubuce-rubucen gwaji, aka buga ta a 1956 tare da alamar da ke nuna inda hannun Dylan ya tsaya.